Robar Maganin da Ba Ta Taɓa Ƙarewa Ba

Shekarun baya, a shekarar da na fara iya haɗa baƙi da kaina, na yi rigima a bainar jama'a da aminin mahaifina. Har yau akwai 'yan uwana a Kankara da ke ganin ban kyauta ba. Ni kuwa in na tuna, abin da kawai nake gani shi ne na makara.

Ku da kuke karanta rubutuna a nan, da yawanku ba ku san ban shiga aji ba sai da na wuce arba'in. Ajin yaƙi da jahilci ne, bayan la'asar, a wata firamare, mu zauna a bencin yara gwiwoyinmu na neman taɓa haɓa. Da karatun ya fara shiga kaina sai na zama annoba a gida. Buhun taki in karanta, gwangwanin madara in karanta, bayan mota in karanta har ta ɓace mani. Maigidana ya ce tunda na fara boko bai ƙara shan shayi da zafi ba, don sai na gama karanta kwalin ganyen kafin in zuba.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, tana zaune a Ketare a gidan ƙanena. Ta daɗe da hawan jini. Ni nake sayo mata magani duk wata a Kankara, in kai mata da kaina ko in ba wani mai zuwa. Kuma wuri ɗaya nake saye, wurin Baba mai kemis. Tare suka tashi da mahaifina, shi ya tsaya a kan gawarshi, shi ya yi mani waliyyi. Ya taɓa aiki a asibiti yana saurayi, shi ya sa wasu har likita suke ce mashi, shi kuma ba ya hana su. Shagonshi ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, ba silin, da benci a ƙofa inda dattawa ke zama suna sauraron rediyo.

Yadda yake ba da magani, kowa ya sani. Zai miƙa hannu kan kanta ya sauko da wata farar roba mai shuɗin murfi, ya sa cokali ya ƙirgo ƙwaya talatin a 'yar leda, ya ɗauki biro ya ja kara ɗaya a jikin ledar. Kara ɗaya, sau ɗaya a rana ke nan. Babu suna, babu kwali, babu komai. Shekara da shekaru haka nake karɓa in yi godiya. Da mi zan yi da suna lokacin, tunda ko an rubuta ba zan gane ba?

To, a wannan shekarar sai Inna ta fara kuka da ciwon ƙeya. In ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Na ɗauko ta na kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta ɗaura mata abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa, sannan ta dube ta ta ce, "Inna, kin daina shan magani."

Inna ta ce, "Ni? Wallahi ɗiyar nan ko ranar da aka yi mani rasuwa ban tsallake ba."

"Haka kuke cewa dukanku. To a rage gishiri, a rage dunƙule a miya."

Na san Inna ba ta yi ƙarya ba. Ledar maganin a gefen dardumarta take, tana sallame sallar asuba take haɗiya. Saboda haka na ce lallai akwai mai laifi, kuma sai na gano shi. Wadda na fara kamawa ita ce matar ƙanena, baiwar Allah da ba ta iya musu ba. Na tare a Ketare mako guda, na ƙwace mata madafa, na ɓoye gishiri a cikin jakata kamar kayan sata. Duk gidan suka ci miya lami saboda ni, yara na kuka, ƙanena na fita waje ya sayi ƙosai a ɓoye. Daga nan na koma kan goron Inna na hana. Na binciko wani ƙullin sassaƙe da wata ƙawarta ta sayo mata a kasuwar Sheme, na watsar a bola. Duk da haka ƙeyar Inna ba ta daina ba.

Ranar da zan koma gida na ce bari in ƙirga ƙwayoyin, ko dai tsufa ya sa tana mantawa. Na juye ledar a kan faifai na fito da shi tsakar gida inda haske yake. Lissafin ya cika, ba ta tsallake ko ɗaya ba, amma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Biyu ko uku farare ne tas, da lamba a jikinsu. Wasu sun yi rawaya-rawaya kamar haƙorin mai cin goro. Wasu gefensu ya zaizaye, kuma a gindin ledar akwai gari. Na ɗauki guda na matsa da yatsa, ta narke kamar alli ya sha ruwa.

Washegari na tafi wurin Baba. Na gaishe shi yadda na saba, na tambayi iyali, sannan na fito da ledar na ce, "Baba, maganin Inna na ga kamar kala-kala ne."

Ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Kamfani ne daban-daban, ɗiyata. Aikinsu ɗaya."

Na ce, "Ko zan ga robar?"

Sai ya sauke gilashinshi kan hanci ya juya wajen dattawan benci ya ce, "Kun ji! Halan malamar tasu ta gama da baƙi ta shiga koya masu likitanci? Wata nawa ma da fara bokon, ɗiyata?"

Suka kwashe da dariya. Wani har da cewa nan gaba sai an nemi izinina kafin a yi allura a garin. Ni da ba a kayar da ni a baki, ni da mata ke kira in an tashi rigima a gidan biki, wallahi sai ga ni ina ba da haƙuri. Na yi 'yar dariyar yaƙe na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Na maida ledar jaka. Na kuma aika wa Inna ita ta ci gaba da sha. Wannan aikawar ita ce ba na son tunawa.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. A aji na tsayar da malamarmu bayan an tashi. Yarinya ce 'yar garin Sabuwa, sa'ar ɗiyata, amma in tana magana ina nutsuwa. Na ce ta koya mani yadda ake gane magani ya lalace. Ta ciro wani kwali daga jakarta ta nuna mani wuri biyu: nan ranar da aka yi shi, nan kuma ranar da zai daina aiki, wata a gaba, shekara a baya. Ta ce duk maganin kirki yana da wannan, da sunanshi, da ƙarfinshi, da lambar hukuma. Ta ce kuma zafi da danshi suna kashe magani tun kafin lokacinshi ya yi. Na ce, wanda aka ba ka a leda fa? Ta ce, "Hajiya, wannan kam sai dai ki yarda da wanda ya ba ki."

Daga ranar na zama mai leƙen asiri. Sai in ƙirƙiro ciwon kai in je sayen magani, in ƙirƙiro mura in koma. Idona na kan robar nan. Kullum gefen rubutun yana kallon bango. Na ce a raina, da gangan ne ko kuwa? Sannan na lura da wani abu da ya fi wannan tayar mani da hankali. A gefen shuɗin murfin akwai wata 'yar ƙuna, inda wuta ta taɓa lasa ta narkar da shi. Na san ƙunar nan. Tun ina goyon autana nake ganinta, ga shi lokacin autan har ya shiga firamare ya yi nisa. Masu hawan jini nawa ne a unguwar nan? Wace irin roba ce wannan da ake ɗiba kullum, shekara kusan goma, ba ta ƙare ba?

Na kuma ga yadda yake ɗiba ya canza. Da, cokali na shiga yake fitowa. Yanzu sai ya karkata robar, ya zura hannu har wuyan hannu, ana jin cokalin na kankarar ƙasa. Lokacin ne rashin tsaro ya yi tsanani a hanyoyinmu, motoci suka rage zirga-zirga, mai kawo mashi kaya daga Funtua ya yi wata da watanni bai leƙo ba. Duk na ga wannan. Na haɗa, na raba, na kwana da shi na tashi da shi. Na ce gobe zan yi magana, gobe ta zo na ce jibi. Kunyar dariyar dattawan nan ta riƙe ni har mako uku.

Wata rana da safe ina shara ƙanena ya kira ni. Ya ce Inna na alwala buta ta suɓuce daga hannunta, ta kasa ɗauka, kuma bakinta ya ɗan karkace. Suka kawo ta Kankara a mota. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, Allah ya taƙaita ba ta yi tsanani ba, amma hannun hagu sai a hankali.

Da aka kwantar da ita na zagaya wurin da ake ba da magani a asibitin. Na samu ma'aikacin wurin na juye mashi ledar Inna, da suka zo da ita, a kan tebur. Ya sa bakin biro yana jujjuya ƙwayoyin. Ya ce, "Ina kwalinshi?"

Na ce babu.

"Mi sunan maganin?"

Na ce, "Na hawan jini."

Ya ce, "Hajiya, maganin hawan jini ya fi iri goma. Ba zan iya ce maki ga abin da ke nan ba, ba kuma zan rantse cewa shi ya kwantar da ita ba. Amma abin da ba suna, ba kwanan wata, ya canza kala haka, ko akuyata ba zan ba ba. Kada ta ƙara sha."

Ban koma ɗakin Inna ba. Na bi ta gida na ɗauki babban tiren da nake tsintar shinkafa, na sa shi a hammata na nufi shago. Ranar kasuwa ce, rana ta take, bencin cike da mutane. Na yi sallama kawai na wuce ciki, har bayan kanta, inda mace ba ta taɓa shiga ba.

Baba ya ce, "Lafiya, ɗiyata? Na ji labarin mahaifiyarki, yanzu nake shirin..."

Na miƙa hannu na sauko da robar. Ya ce, "Ke! Mi ye haka?" Na juyo rubutun. Ya koɗe, amma lambobin na nan. Na sa yatsa a ƙarƙashinsu kamar yadda muke yi a aji, na karanta da ƙarfi, da in'ina, ɗaya bayan ɗaya. Sai da na karanta sau biyu don in tabbatar ban kunyata kaina ba. Shekara shida da wucewar lokacinshi.

Wani daga benci ya ce, "Subhanallahi."

Baba ya ce, "Kun ga illar ƙaramin sani? Robar ce ta tsufa, ba maganin ba. In an kawo sabo, juyewa nake a ciki. Murfinta ya fi kamawa, kuma hannuna ya saba da ita."

Na ce, "In ka juye sabo, na ƙasan fa?"

"Ai ƙarewa yake."

"Baba, tsakaninka da Allah, tunda ka sayi robar nan ka taɓa ganin gindinta?"

Ya hau gyara gilashinshi.

Na ce, "Ka bar maganar boko, ni ma ban iya ba. Kai manomi ne ɗan manomi. Ka taɓa zuba sabuwar dawa a kan tsohuwa ba ka share rumbu ba? Ko gyaɗar da nake soyawa ina saidawa, ba na haɗa ta jiya da ta yau. Shekara da shekaru kana zuba sabo a sama kana ɗiba daga sama. Yanzu da mota ta daina zuwa ka gangaro ƙasa, ka ɗebo abin da kai kanka ba ka san shekarunshi ba, ka ba matar amininka."

Na fito ƙofar shago na ajiye tiren a ƙasa gaban kowa, na kifa robar. 'Yan kaɗan suka zubo. Sauran suka ƙi fitowa. Sai da na buga gindinta sau uku da tafin hannu, sannan wani dunƙule ya faɗo, ya manne wuri ɗaya kamar dambun da ya kwana, rawaya da ruwan ƙasa, da wata tsohuwar auduga da ta yi baƙi a tsakiya. Wani wari ya taso mai kama da na tsami. Wanda ya yi mani ba'ar allura kwanakin baya, shi ne na ga ya sa hannu aljihu a hankali ya fito da 'yar ledarshi mai kara ɗaya, ya ɗaga ta saitin rana yana kallo. Ba wanda ya yi dariya.

Baba ya zauna a kan kujera. Ya dubi tiren. Sannan ya ce, "Wallahi ɗiyata ban sani ba. Ni ma shi nake sha." Ya laluba aljihun gaban rigarshi ya fito da tashi ledar, ya miƙo mani don in gani.

Da ma bai miƙo ba. Na karɓa na duba. Ƙwayoyinshi farare ne tas, dukansu, kowace da lambarta, ba gari ko kaɗan.

Na ce, "Naka ai sababbi ne, Baba."

Ya ce, "Na ɗebi nawa da yawa tun ranar da aka kawo kaya na ƙarshe."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Kowane mai shago yana ɗibar na gida in kaya sun zo. Mai yiwuwa kuma hannun da ke kankarar gindin roba kullum ya san abin da yake kankarowa. Na maida mashi ledarshi. Na nuna sauran robobin da ke jere a kan kanta na ce, "Waɗannan fa, su ma haka kake masu?" Ya sunkuyar da kai. Na ɗauki tirena na juye abin a gabanshi na tafi. An ce da yamma ya haƙa rami bayan shago ya binne duk abin da ke cikin robobin nan, shi kaɗai, bai bari kowa ya taya shi ba. Tun daga ranar bai ƙara saida ƙwaya a leda ba, sai ta kati mai rubutu.

Abin da ya biyo baya kuwa, ni ce na zama mai laifi. Wani yayan mahaifina ya taso tun daga Faskari don ya faɗa mani na tozarta dattijo a ranar kasuwa. Ƙanena ya ce da na bari an yi magana a zaure. Na ce a zaure aka kwantar da Inna? Ita kanta Inna, da Baba ya zo duba ta a asibiti, da karkataccen bakinta ta riƙa yi mashi sannu da zuwa, ta ce in ba shi ruwa. Na ba shi. Da ya fita ta ce, "Ciwo na Allah ne, ke dai bakinki ba ya da linzami." Na ce na ji. Aka sa ta a kan sabon magani mai kwali da suna, kafin wata ya zagayo awon ya sauka, ƙeya ta daina.

Yau in kun gan ni a kemis ina jujjuya kwali, ina neman kwanan wata, ina tambayar ina firij ɗin da ake ajiye na sanyi, ina cewa a ba ni wanda ba a yanke gefen katin ba, kada ku ce tsiya ce. Akwai masu shagon da in sun hango ni sai su fara gyara kanta. Ban damu ba. Na kirkin cikinsu ba sa jin haushi, su suke fara juyo mani rubutun ma. Wanda tambaya ta ɓata wa rai, shi nake ƙara zuba wa ido.

Har yanzu ban san ko Baba ya sani ba, kuma na daina sa ran zan sani. Shi da Allahnshi. Abin da na sani shi ne nawa laifin. Na ga ƙwayoyin nan a kan faifai da idona, na matsa guda ta narke a yatsana, amma don kada dattawa huɗu su yi mani dariya na maida su leda na aika wa uwata. Ba rashin karatu ne ya cuce ni ba, na riga na iya. Kunya ce.

Inna na nan da ranta, alhamdulillahi. Bakin ya koma daidai, tana tafiya, tana faɗa. Hannun ne bai dawo ba. Bara da ɗiyata ta haihu aka kawo Inna Kankara. A gidanmu duk jaririn da aka haifa Inna ce ke fara yi mashi wanka, tun daga kan jikanta na fari, ba ta taɓa bar wa kowa ba. Aka kawo ruwan ɗumi, aka ajiye mata kujera, aka miƙa mata yaron. Ta tallafe shi da dama, ta yi ƙoƙarin ɗago hagun daga cinyarta, ya ƙi. Ta sake gwadawa. Sai ta dube ni ta ce, "Karɓi."

Na karɓa na fara. Tana zaune tana kallo, hannun na kwance a cinya.

Ta ce, "Tallafe mashi ƙeya, ke! Ruwa zai shiga kunne. Duk karatun naki ba a koya maku wannan ba?"

Na tallafe. Ranar ban mayar mata da ko kalma ɗaya ba.